Abin da tsarin NSQF yake nema daga cibiyar koyar da sana'a

Mai walda a Sabon Gari ko tela a Tudun Wada na iya shekara 10 yana aiki mai kyau ba shi da takardar da wani kamfani zai karɓa. Wadda ogansa ya ba shi ranar yaye ba ta wuce unguwa. Wannan giɓi ne tsarin NSQF, wato tsarin ƙasa na tantance ƙwarewar masu sana'a da ba su takardar shaida, ya zo cikewa. Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da shi a 2013, kuma hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, wadda aka kafa a 1977 mai hedikwata a Kaduna, ita ke kula da shi. An fara shi da matakai 6, daga ɗan koyo zuwa ƙwararre.

Duk cibiyar da ke son ɗalibanta su samu wannan shaida ba za ta koyar da abin da ta ga dama ba. Kowace sana'a tana da ma'aunin ƙasa, wanda masu sana'ar da kansu suke taimakawa wajen rubutawa, kuma an yanka shi rukuni-rukuni. Daga nan cibiya za ta fitar da tsarinta: wane rukuni za a fara, da wane kayan aiki, wa zai koyar, a ina za a gwada ɗalibi. Kiyaye lafiya a wurin aiki yana cikin abin da ba a tsallakewa, ko da yaro ya fi kowa hannu.

Gwajin ne ya bambanta da abin da muka saba. Ba zaman jarrabawa ba ne na rana ɗaya. Mai tantancewa, wanda shi ma sai an horar da shi, zai tsaya ya ga ɗalibi yana aikin da hannunsa, ya yi masa tambayoyi, ya duba abin da ya ƙera ko ya ɗinka. Shaidar ogan da ya gan shi yana aiki ma tana shiga. Ana tara duk wannan a fayil ɗinsa. Hujjar kuma dole ta zama tasa ce, ta dace da rukunin, ta isa, ba kuma tsohuwar da ta shige ba. A ƙarshe hukunci biyu ne: ya iya, ko bai kai ba tukuna. Wanda bai kai ba sai ya koma ya gyara inda ya gaza, ba daga farko ba.

Mai tantancewa ba shi ne ƙarshe ba. Akwai mai bin diddiginsa a cikin cibiyar, sannan wani daga waje, kafin hukumar bayar da shaida irin NABTEB, mai shirya jarrabawar kasuwanci da fasaha, ta fitar da satifiket. A ganina nan ne cibiyoyi za su fi jin jiki, domin malamin da ya koyar da yaro yakan ji nauyin ce masa bai kai ba, balle in ɗan maƙwabci ne. Ga kuma kayan aiki: ba yadda za a tantance walda a kan allo.

Tsoffin hannu, irin dukawan cikin birni da makanikan Kwangila a Zariya, ba sai sun koma aji ba. Tsarin ya yarda a tantance abin da mutum ya riga ya iya, a ɗora shi a matakin da ya dace. Kafin ka biya kuɗi a kowace cibiya, ka tambaya ko an amince mata ta gudanar da NSQ, wato shaidar da ake bayarwa a ƙarƙashin tsarin, a wannan sana'ar, da kuma sunan hukumar da za ta ba da satifiket ɗin.