Iskar gas da kuɗin ɗumama gida a Birtaniya

A Birtaniya, iskar gas ita ce babban makamashin da ake ɗumama gidaje da shi a lokacin sanyi. Fiye da gidaje 8 cikin 10 sun dogara da ita, abin da ya sa ƙasar ke cikin na gaba-gaba a Turai wajen wannan dogaro. Gas ɗin da ake nufi a nan ba irin na tukunyar girki ba ne da ake ɗurawa a gidan mai a Kano ko Yamai. Wancan furofen ne da butan da aka matse suka zama ruwa. Na Birtaniya kuwa yawancinsa metan ne, yana zuwa ta bututun ƙarƙashin ƙasa har cikin gida, ya bi ta mita, a lissafa abin da aka ƙona. Girki ɗan kaɗan yake ci a ciki. Kusan kashi uku cikin huɗu na gas ɗin gida a ɗumama ɗakuna yake tafiya, mafi yawan sauran kuma a ruwan zafi na wanka da wanke-wanke.

Asali

Har tsakiyar ƙarni na 20, da kwal mafi yawan Turawan Ingila ke jin ɗumi, a murhun da ke jikin bango. Hayaƙinsa ne ya haddasa mummunan hazon da ya lulluɓe Landan a Disambar 1952, wanda ya halaka dubban mutane, ya kuma kai ga dokar tsaftace iska ta 1956. Akwai gas a garuruwa tun kafin nan, amma daga kwal ake samar da shi, kuma mai guba ne.

Abin da ya sauya komai shi ne gano gas a ƙarƙashin Tekun Arewa a 1965. Daga 1967 zuwa 1977 aka bi gida-gida ana canza kawunan murhu da na'urori, kimanin miliyan 40, domin su iya ƙona sabon gas ɗin. Da yake ya zo da araha, kuma na gida ne, sai tsarin ɗumama gida gaba ɗaya daga tukunyar ruwan zafi guda ya bazu cikin shekarun 1970 da 1980. Gwamnatin Margaret Thatcher ta sayar da kamfanin British Gas ga 'yan kasuwa a 1986, kuma zuwa ƙarshen shekarun 1990 kowane magidanci na iya zaɓar kamfanin da zai sayar masa.

Arahar nan ta bar baya da ƙura. Tunda gas bai da tsada, ba a damu sosai da gyara tsofaffin gidaje don su riƙe zafi ba. Sannan rijiyoyin Tekun Arewa suka fara ja da baya bayan shekarar 2000, har ta kai daga 2004 ƙasar na sayo gas daga waje fiye da abin da take fitarwa. Yanzu kaso mai yawa daga Norway yake zuwa ta bututu, musamman na Langeled da ke sauka a Easington, a gabashin Ingila. Wani kuma jiragen ruwa ke kawowa a sanyaye har ya zama ruwa daga Amurka da Katar, a sauke a Milford Haven da ke Wales ko a Isle of Grain da ke kudu maso gabashin Ingila.

Yadda ake ɗumama gida

Zuciyar tsarin ita ce tukunyar ɗumama ruwa, wadda ake kira boila, galibi a rataye a bangon kicin ko cikin wani ɗan kabad. Tana ƙona gas ta zafafa ruwa, famfo ya tura ruwan cikin ƙananan bututu zuwa wasu faifayen ƙarfe da ke manne a bangon kowane ɗaki, galibi ƙarƙashin taga. Aikinsu kamar na lagireton mota ne: ruwan zafi ya shiga, ƙarfe ya saki zafin cikin iska, ruwan ya koma tukunya ya huce, a sake zafafa shi. Akwai ma'aunin da ake saitawa a kan zafin da ake so, misali digiri 19 ko 20 a ma'aunin Salshiyas. Da ɗaki ya kai nan tukunya ta mutu da kanta, da ya yi ƙasa ta sake kamawa.

Tun Afrilun 2005 doka a Ingila da Wales ta ce duk sabuwar tukunyar gas da za a sa ta kasance irin wadda ke tatsar zafin da ke cikin tururin hayaƙinta kafin ya fita. Irin wannan na iya mayar da kusan kashi 90 cikin 100 na gas ɗin da ta ci zuwa zafi mai amfani. Sai dai ba ta kaiwa nan sai ruwan da ke dawowa cikinta ya huce sosai, kuma masu haɗawa da yawa sun saba barinta a kan digiri 70 zuwa 80. Shi ya sa a lokacin tsadar 2022 aka yi ta kiran jama'a su sauke zafin ruwan zuwa wajen digiri 60.

Yadda ake lissafin kuɗin

Mita tana ƙirga yawan gas da kubik mita, tsofaffin mitoci kuma da kubik ƙafa. Amma a takardar bil da kilowat-awa ake caji. Kamfani na ninka adadin kubik mita da 1.02264, ya sake ninkawa da ƙarfin zafin gas ɗin, wanda ke kai-komo a wajen 39 zuwa 40, sannan ya raba da 3.6. A taƙaice, kubik mita ɗaya na ba da kilowat-awa 11 da 'yan kai. A 2023 hukumar Ofgem mai sa ido kan harkar makamashi ta ƙiyasta cewa matsakaicin gida na ƙona kilowat-awa 11,500 na gas a shekara. Kafin Oktoban 2023 adadin 12,000 ne.

Bil ɗin kashi biyu ne. Akwai kuɗin abin da aka ƙona, akwai kuma wani tsayayyen kuɗi na kullum da ake biya ko da an kulle gida an yi tafiya, wanda ake cewa na kula da bututu da mita ne. A kan duka ana ɗora harajin VAT na kashi 5 cikin 100. Wannan tsayayyen kuɗi na cikin abubuwan da aka fi ƙorafi a kai, kuma ƙorafin na da hujja, domin mai ƙaramin ƙarfi da ke takura wa kansa ba shi da hanyar rage shi.

Yawan gas da gida ke ci ba ɗaya ba ne a watannin shekara. A Yuli kusan ruwan wanka kawai ake zafafawa, a Janairu kuwa gidan nan ɗaya na iya cin ninkin-ba-ninkin haka. Dalili shi ne zafi na sulalewa daga gida gwargwadon tazarar da ke tsakanin ciki da waje. In ciki na digiri 20 waje na 10, tazarar 10 ce. In waje ya sauka zuwa sifili ta zama 20, asarar zafin ta ninka, tukunya ma sai ta ninka aiki. Don kada nauyin ya faɗo a wata uku, mafi yawan magidanta sun ba kamfani izinin cirar kuɗi daidai wa daida kowane wata daga asusun banki. Da bazara kuɗinsu na taruwa a hannun kamfani, da hunturu a cinye.

Ginin gida

Gidaje biyu a layi ɗaya, masu ɗakuna iri ɗaya, na iya samun bil mai bambanci ƙwarai, kuma sau da yawa bango ne sanadi. Kusan gida ɗaya cikin biyar a Ingila kafin 1919 aka gina shi, da bangon jan bulo cunkus wanda zafi ke ratsawa cikin sauƙi. Daga shekarun 1920 da 1930 aka koma bango mai ruɓi biyu da rata a tsakiya, wadda za a iya cikewa da abin tare zafi ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba. Shimfiɗa audugar gilashi a saman silin shi ne gyara mafi araha. Lulluɓe tsohon bango kuwa aiki ne na dubban fam.

A nan 'yan haya ke shiga tsaka mai wuya: mai gida ne zai biya kuɗin gyara, ɗan haya ne ke biyan kuɗin gas, don haka wanda ke da ikon gyarawa ba shi ne abin ke ci wa tuwo a ƙwarya ba. Duk gidan da za a sayar ko a ba da haya sai an ba shi takardar shaidar ingancin makamashi, daga A zuwa G, kuma a Ingila da Wales an hana ba da hayar na ƙasa da E sai da wani uzuri da doka ta amince da shi.

Shawarar da aka fi ji ita ce a rage ma'auni da digiri ɗaya, wanda ake ƙiyasta yana rage kusan kashi 10 cikin 100 na kuɗin ɗumama. Tana da amfani ga mai gida a digiri 22. Ga wanda ya riga ya sauka ƙasa da 18, mafi ƙarancin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara, ba abin da ya rage masa ya rage. Ɗaki mai sanyi na tara danshi da fumfuna a bango, yana tayar da asma da ciwon huhu, yana kuma ƙara hawan jini da haɗarin bugun zuciya ga tsofaffi.

Ƙayyade farashi da tsadar 2021 zuwa 2023

A Janairun 2019 Ofgem ta fara ƙayyade iyakar farashi. Mutane da yawa sun ɗauka iyaka ce ga jimillar bil, alhali farashin kowane kilowat-awa da tsayayyen kuɗin kullum kawai aka ƙayyade. Adadin da ake ji a labarai misali ne na matsakaicin gida, gas da lantarki a haɗe. Wanda ya ƙona da yawa zai biya fiye da haka.

A Oktoban 2021 adadin fam 1,277 ne a shekara. Farashin gas a kasuwar duniya ya riga ya fara tashi bayan annobar korona, har ƙananan kamfanoni wajen 30 suka durƙushe, ciki har da Bulb mai abokan ciniki sama da miliyan ɗaya da rabi. Sai Rasha ta afka wa Yukiren a Fabrairun 2022. Gas ɗin da Birtaniya ke samu daga Rasha bai kai kashi 5 cikin 100 ba, amma hakan bai cece ta ba, domin kasuwa ɗaya take ci da sauran Turai, kuma jirgin gas wurin mai tayi mafi tsoka yake nufa. Ga ƙarancin wurin ajiya: babban rumbun Rough da ke ƙarƙashin teku an rufe shi tun 2017, sai a Oktoban 2022 aka sake buɗe wani sashe nasa.

A Afrilun 2022 adadin ya koma fam 1,971. An sanar da 3,549 don Oktoba, sai gwamnatin Liz Truss ta shiga tsakani ta tsayar da shi a 2,500, baitulmali ya ɗauki ragowar, aka kuma rage wa kowane gida fam 400 a tsawon wannan hunturu. Ba don haka ba, da adadin Janairun 2023 ya kai 4,279. Duk da tallafin, kilowat-awa ɗaya na gas ya tashi daga kimanin fenni 4 zuwa kimanin 10 cikin shekara guda. Gidan da ke ƙona kilowat-awa 70 a rana mai sanyi, a misali, ya tashi daga biyan ƙasa da fam 3 zuwa fam 7. A wannan hunturu ne ɗakunan karatu da coci-coci da masallatai suka riƙa buɗe ƙofa don mutane su zo su zauna cikin ɗumi da rana.

Masu mita mai kati, gidaje kimanin miliyan 4, su suka fi ji a jika. Kuɗi na ƙarewa gas ke ɗaukewa, tsayayyen kuɗin kullum kuma na ci gaba da taruwa a matsayin bashi, sai an biya shi in an sake lodi. A Fabrairun 2023 binciken jaridar The Times ya nuna yadda ake shiga gidajen masu bashi da izinin kotu a sa musu irin wannan mita da ƙarfi, har da marasa lafiya, abin da ya sa aka dakatar da yin hakan aka kuma tsaurara ƙa'idoji.

Tallafin gwamnati

Akwai kuɗin hunturu na 'yan fansho da aka ƙirƙiro a 1997, fam 200 ko 300 gwargwadon shekaru. A 2024 gwamnatin Leba ta taƙaita shi ga mafi ƙarancin samu, sai surutu ya yi yawa, a 2025 ta mayar wa duk wanda samunsa bai wuce fam 35,000 a shekara ba. Akwai ragin fam 150 a bil ɗin lantarki ga masu ƙaramin ƙarfi. Akwai kuma fam 25 da ake ba wasu masu karɓar tallafi duk lokacin da matsakaicin yanayi a yankinsu ya tsaya a sifili ko ƙasa har kwana 7 a jere, tsakanin Nuwamba da Maris. Scotland na da nata tsarin daban.

Haɗari

Metan ba shi da wari, don haka ake zuba masa wani sinadari mai ɗoyi domin a ji in yana yoyo. Wanda ya fi kisa shi ne iskar kabon monoksaid da ke fita daga tukunyar da ba ta ƙona gas yadda ya kamata, domin ba ta da launi ba ta da wari. Doka ta wajabta wa masu gidajen haya su kawo injiniya mai rajista a Gas Safe, wato rajistar ƙwararrun masu aikin gas, ya duba na'urorin gas kowace shekara.

Madadin gas

Birtaniya ta sa wa kanta dokar kawar da hayaƙi mai ɗumama duniya nan da 2050, kuma tukwanen gida na cikin manyan masu fitar da shi. Abin da gwamnati ke tallatawa shi ne famfon zafi, na'urar lantarki mai aiki irin na firji amma a juye: tana zuƙo zafi daga iskar waje ta shigo da shi ciki, kuma kilowat-awa ɗaya na lantarki na ba da kusan uku na zafi. Tun Oktoban 2023 ana ba da tallafin fam 7,500 ga mai son sa shi a Ingila da Wales. Cikas ɗin shi ne farashin lantarki ya kusa ninka na gas sau huɗu, don haka ribar na iya ƙarewa a bil, musamman a gidan da ba ya riƙe zafi. Farashin lantarkin kansa ma yawanci tashoshin da ke ƙona gas ne ke yanke shi a kasuwa.

Ba ko'ina bututun gas ya kai ba. Ƙauyuka da dama a Scotland da Wales da kudu maso yammacin Ingila, da kuma mafi yawan gidajen Ireland ta Arewa, da kananzir suke ɗumama gida. Tanka ke kawo shi a zuba a tankin bayan gida, ana biyan kuɗin ɗaruruwan lita a lokaci guda, kuma iyakar farashin Ofgem ba ta shafe shi ba.