Haƙori ba ya kawo gudawa

A Kano, da yaro ɗan wata bakwai ya fara gudawa sai ka ji an ce, "Ai haƙori ne, zai wuce." Haƙori kan sa ƙaiƙayin dasashi da dalalar miyau, amma ba ya kawo zawo. Lokaci ne ya zo ɗaya: yaro ya fara rarrafe, komai ya tsinta sai baki, ga kunun da ya kwana. Ƙwayoyin cuta ne suka shiga cikinsa.

A dama ORS, wato garin gishiri da sukari na masu gudawa, da ruwa mai tsabta yadda aka rubuta a takardarsa, a ba da maganin zinc kullum kwana 10 zuwa 14, kada a daina shayarwa. In maɗiga ta faɗa, ido ya zurma, ko an ga jini a kashi, a garzaya asibiti, kamar Asibitin Yara na Hasiya Bayero.