Mece ce waƙar “indi”?

Kalmar “indi” ta kama bakin masu gabatar da shirye-shiryen kiɗa a rediyo da masu rubutu a Facebook, har ta kai ga duk wata ƙungiyar mawaƙan Turawa da ta fitar da kundinta na farko, muddin an ji jita marar lantarki da banjo da murya mai sanyi a ciki, sai a laƙaba mata wannan suna. Na taɓa jin wani mai gabatarwa ya saka waƙar wasu Amurkawa biyu, sannan ya shaida wa masu sauraro cewa salon daga Indiya ya samo asali. Ban ga laifinsa sosai ba, domin kunnen da ya tashi da finafinan Indiya haka zai ji kalmar. An gutsuro ta ne daga kalmar Turanci independent, wato mai zaman kansa. Waɗanda suka fi ci mini tuwo a ƙwarya su ne waɗanda suka san haka, amma suke amfani da ita tamkar sunan wani irin sauti ne da kunne zai iya ganewa.

Maganar ta kuɗi ce da mallaka. Manyan kamfanoni uku ne ke riƙe da mafi yawan kasuwar faifai ta duniya: Universal da Sony da Warner. Kundin da ya fito daga wani kamfani da ba na ɗayansu ba, ko wanda mawaƙan suka biya kuɗin sutudiyo daga aljihunsu suka fitar da kansu, shi ne na indi, ko da kuwa ganga zalla aka buga a ciki. Mawaƙin Amurka Johnny Cash ya fara naɗar waƙoƙinsa na kantiri, wato salon kiɗan karkarar Amurka, a 1955 a Sun Records, ƙaramin kamfanin Sam Phillips da ke Memphis, sannan ya koma babban kamfanin Columbia a 1958. Muryarsa ba ta sauya ba ranar da ya sa hannu a sabuwar yarjejeniyar, mai karɓar ribar ne ya sauya.

A Ingila ne ma'anar ta fara zamewa. A 1980 aka buɗe jadawalin ciniki na musamman domin faya-fayan da ba su bi ta hannun manyan kamfanoni ba, kuma da yake yawancin ƙungiyoyin da suka cika shi samari ne masu jita, sai mutane suka riƙa kiran kiɗan nasu da sunan jadawalin. Alhali kuwa Kylie Minogue, wadda waƙoƙinta na rawa ne tsantsa, ta hau wannan jadawali a ƙarshen shekarun 1980, saboda kamfaninta PWL mai zaman kansa ne.

Masu kiɗan fok na zamani, wato mai tushe a waƙoƙin gargajiyar Turawa, da na kantiri mai gauraye da fof, wato kiɗan yayi, su ne suka fi jawo ruɗanin a yau. Ƙungiyar The Civil Wars, ta Joy Williams da John Paul White, ta fitar da kundinta na farko a Fabrairun 2011 ta wani ɗan kamfani mai suna Sensibility, wanda Williams da mijinta suka kafa, kuma a 2012 kundin ya ci kyautar Grammy ta fannin fok. Wannan indi ne ba tantama. Kundinsu na biyu, na 2013, da hannun Columbia ya fito, da muryoyin nan biyu da jitar nan. Na ƙungiyar Mumford & Sons ma ya fi ɗaure kai: kundinsu na farko ya fito a Ingila a 2009 ta kamfanin Island, wanda mallakar Universal ne, amma a Amurka Glassnote mai zaman kansa ne ya fitar da shi a 2010. Waƙoƙin ɗaya ne, ba a ƙara ko rage komai ba. Wanda ya ce da kunne yake gane indi, sai ya faɗa mana wanne daga cikin biyun ya saurara.

Har ila yau, kamfani ya zama mai zaman kansa bai sa mawaƙin da ke ƙarƙashinsa ya zama mai 'yanci ba, kuma a nan ne nake ganin kalmar tana yaudarar matasa. Taylor Swift tana da shekara 16 ta fitar da kundinta na farko a 2006 ta Big Machine, sabon kamfani mai zaman kansa a Nashville. Kundi shida ta yi musu, kuma asalin abin da aka naɗa, wanda masu sana'ar ke kira masta, na kamfanin ne ba nata ba. A 2019 aka sayar da kamfanin da mastocin a kan kusan dala miliyan 300 ga Scooter Braun, mutumin da ta fito fili ta ce ba ta so su faɗa hannunsa. Sai da ta koma sutudiyo ta sake rera huɗu daga cikin kundayen tun daga farko, kuma ba ta mallaki na asalin ba sai a watan Mayun 2025, da ta sa kuɗinta ta saye su. Idan mawaƙiya mai irin wannan ƙarfi ta kwashe shekara kusan ashirin kafin ta mallaki muryarta, ina ga 'yan ƙungiya huɗu da suka sa hannu a takarda don dai su ga kundinsu na farko ya fito?

Mu ma abin bai yi mana nisa ba. Mawaƙin Hausa da ya biya sutudiyo da kansa indi ne bisa ma'anar kalmar, amma a zamanin kaset da sidi da yawa sun riƙa sayar wa 'yan kasuwa masta gaba ɗaya a biya su sau ɗaya, a ci gaba da bugawa ba su da ko sisi. Wanda kuma ɗan siyasa ke biya wa kuɗin naɗa da na bidiyo ba shi da kamfani a kansa, amma yana da ubangida, kuma ni ba zan kira shi mai zaman kansa ba.

Duk mai son tantancewa, ya juya bayan faifan, ko ya gangara ƙasan jerin waƙoƙin a Spotify. Zai ga ƙaramin harafin P a cikin da'ira, sai shekara, sai suna. Wannan sunan shi ne na mai haƙƙin abin da aka naɗa. In na ƙungiyar ne ko na kamfaninta, to kundin nata ne. In kuma wani suna ya gani, sai ya bincika wane ne ya mallaki mai sunan kafin ya buɗe makirufo ya ce indi.