Dajin kan tsaunuka yana ƙarewa: amsoshin tambayoyin da ake ta maimaitawa

Wai da gaske ne dazuzzukan tsaunuka suna ƙarewa?

Da gaske ne. Hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna cewa daga 2001 zuwa 2018 duniya ta yi asarar kimanin hekta miliyan 78 na irin wannan daji. Saran katako ne kan gaba, sai gobara, sai noma.

Mu da ba a kan dutse muke zaune ba, ina ruwanmu?

Ruwanku kuwa shi ne a ciki. Kogin Neja daga duwatsun Gini ya taso, Binuwai daga tsaunukan Adamawa na Kamaru. Daji ne ke riƙe ruwan sama yana sakinsa sannu a hankali. In an aske shi, da damina ambaliya, da rani ƙorama ta ƙafe.

Dabbobin ba za su koma wani wuri ba?

Su koma ina? Wannan tambayar ta fi kowace ɓata mini rai. Duk hawan mita 1,000 zafi yana raguwa da wajen digiri 6, don haka abin da ya saba da sanyin ƙololuwa ba zai rayu a gindin dutse ba. Ƙasa gonaki ne, sama kuma dutse ya ƙare. Akwai wani ƙaramin kwaɗo da babu shi ko'ina a duniya sai a tafkin Oku na Kamaru. Ranar da tafkin nan ya lalace, shi ke nan, babu wani tafkin da za a je a samo shi.

To, mu yi ta dasa itatuwa mana?

A nan sai an bi a hankali. Dashe yana da amfani, amma wane iri, kuma a ina? Duk wanda ya hau Mambila a jihar Taraba ya ga itacen turare jere-jere. Ba na zagin turare: yana saurin girma, yana ba da itacen girki da na rufin ɗaki, kuma hakan yana iya rage wa dajin asali sara. Amma ku shiga ƙarƙashinsa ku duba, busasshen ganye ne kawai, ga shi da shan ruwa in an dasa shi a bakin rafi. Gonar itace ce, ba daji ba. Ku gwada ta da dajin Ngel Nyaki, wani dajin asali da ke nan Mambila, inda har yanzu akwai birai da tsuntsayen da ke cin 'ya'yan itatuwa suna yaɗa iri.

Sau da yawa abin da ya fi aiki shi ne a killace gefen daji, a hana wuta da shanu shiga na wasu shekaru, a bar shi ya farfaɗo, in ya so a taimaka da dashen itatuwan wurin. Sai dai wannan ma ya danganta. Inda ƙasa ta zaizaye, ko dajin da ya rage ya yi nisa, iri ba zai iso da kansa ba. Sannan ba kowane fili ne da can daji ba. Wani wurin ciyawa ce asalinsa, da nata halittun, cika shi da bishiyoyi ma ɓarna ce.

Ashe laifin makiyaya da manoma ne?

Ku daina wannan saurin. Wanda ke neman abin sawa a tukunya ba shi ke tura motocin katako ba. Kuma shingen da aka kafa ba da shawarar mai shanu da mai gona ba, ba ya kai damina biyu.

An makara ke nan?

A'a, ku kwantar da hankalinku. A dajin Kilum-Ijim na tsaunin Oku, mutanen ƙauyuka suna tsaron daji saboda farar zumar da suke samu a cikinsa, suna fita kashe gobara da kansu.