Ma'anar "gandun daji" da ragon da ake harbi a cikin waya

Kwanakin nan bidiyon Amurkawa masu harbin raguna da kwari da baka ya cika wayoyin mutane, kuma kusan duk wanda ya yaɗa shi sai ya rubuta a ƙasa cewa farauta ce ake yi a wani gandun daji na jihar Texas. Na ji an maimaita wannan lafazi a rediyo, har mai gabatar da shirin ya yi ta mamakin yadda hukuma take zura ido ana kashe dabbobi a wurin da aka keɓe domin kare su. Da wurin irin wanda yake zato ne, da mamakinsa yana kan hanya, amma kalmar da ya ɗauko ce ta ɓatar da shi, shi kuma ya ɓatar da masu sauraro.

Idan Bahaushe ya ji an ce gandun daji, Yankari ce take faɗo masa a rai, wadda aka keɓe a 1956 aka kuma buɗe ta ga masu ziyara a 1962, inda wanda aka kama da bindiga yake kwana a hannun hukuma. Abin da ake nunawa a bidiyon nan kuwa fili ne na mutum guda ko na kamfani, wanda sau da yawa an zagaye shi da waya mai tsayin ƙafa takwas, mai shi ya sayo dabbobi ko ya bar su suka hayayyafa a ciki, sannan baƙo ya zo ya biya kuɗin kowane kai da ya kayar.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, idan aka bi asalin kalmar, filin na Texas ya fi Yankari cancantar sunan. Gandu a Hausa gona ce, babbar gonar gida wadda maigida da ƙannensa da 'ya'yansa suke nomawa tare, amfaninta ya shiga rumbun da kowa yake ci, saɓanin gayauna da mutum yake nomawa domin aljihunsa bayan an tashi daga aikin gandu. Sarki ma yana da gandunsa, kuma sunan ya zauna a unguwanni irin su Gandun Albasa a Kano, ko da yake yau gine-gine ne a wurin. Da aka zo sanya wa dajin da gwamnati ta hana sara da kiwo suna, ɓangare ɗaya kawai na ma'anar aka aro, wato wuri ne mai mai shi wanda ba kowa yake shiga ya taɓa ba, aka bar ɗaya ɓangaren, wato noma da girbi. To, makiyayin Texas da wannan ɓangaren da aka bari yake aiki: yana zuba jari, yana ciyarwa, yana lissafin ƙahoni, idan lokaci ya yi ya girbe. Ke nan mun wayi gari da kalma ɗaya tana ɗauke da wurin da aka hana kisa da wurin da kisan ne hajar da ake sayarwa, kuma mai sauraro ba shi da hanyar gane wanne ake nufi.

Dokar jihar Texas da kanta ta raba abin gida biyu. Barewar da asalinta na can ne dukiyar jama'ar jiha ce ko da tana cikin wayar wani, tana da lokacin harbi da adadin da aka yarda a kashe. Dabbar da aka kawo daga wata nahiya kuwa ana lissafa ta kusa da dabbobin kiwo, ba ta da lokacin da aka rufe harbinta, ba ta da adadi, abin da ake nema kawai shi ne lasisin farauta da yardar mai fili. A jihar da fiye da kashi casa'in cikin ɗari na ƙasarta yake hannun masu zaman kansu, yardar mai fili kuɗi ce.

Su kansu ragunan da ake kira na daji sai an tantance su. Da yawa daga cikin masu murɗaɗɗen ƙahon nan da ake ɗaukar hoto da su barbarar yanyawa ne, an haɗa ragon tsibiran Kosika da Sardiniya da tumakin gida, aka yi ta zaɓen launi da girman ƙaho, wani fari, wani baƙi, wani dabbare-dabbare, kowanne da sunansa na kasuwa. Wanda ya taɓa turke ragon layya zai gane aikin da aka yi.

Akwai guda ɗaya da ba a isa a raina shi ba, kuma shi ne dalilin da ya sa maganar ta shafe mu, wato ragon dutse, mai jan gashi da doguwar geza daga maƙogwaro zuwa ƙafafun gaba. Gidansa na asali duwatsun Arewacin Afirka ne da na Sahara, har da duwatsun Azbin da Tarmit a Nijar da na Tibesti da Ennedi a Cadi. Masana ba su sa shi cikin tumaki sosai ba, sun ba shi jinsi nasa tsakanin akuya da tunkiya, namiji da mace duk suna da ƙaho, babban namiji yakan haura kilo ɗari, kuma yana iya daɗewa bai sha ruwa ba saboda laimar ganyen da yake ci tana isarsa. Ta gidajen namun daji ya fara shiga Amurka, daga baya aka sake shi a New Mexico a 1950, hukumar kula da namun daji ta Texas kuma ta saki wasu a kwazazzabon Palo Duro a 1957 da 1958 domin mafarauta su samu abin harbi. Ƙasar ta karɓe shi fiye da yadda aka zata. Yau dubun dubatarsa ne suke yawo a yammacin jihar, suna cinye wa ragon dutsen Amurka na asali abinci, suna kuma ɗauke da ƙwayar cutar huhu da take kashe shi, alhali a gidansa na Afirka fari da harbi da cunkoson dabbobin kiwo sun rage shi har an sa shi cikin jerin dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu. Wanda ya bi wannan rago a buɗaɗɗen dutse da baka, yana rarrafe yana kiyaye iska kada ta kai masa warinsa, har ya matso shi taku talatin, ba ni da bakin hana shi sunan mafarauci.

Amma ba haka ake yi a ƙananan filaye ba. Ana kafa wata na'ura mai watsa masara a ƙayyadadden lokaci kullum, dabbobi su saba da ƙararta kamar yadda kaji suke sabawa da mai ba su tsaba, a gina 'yar bukka taku ashirin daga wurin, baƙo ya shiga ya zauna. Bakan ma ba irin na maharbanmu ba ne mai tsirkiya ɗaya da kibiya mai dafin kwankwani. Yana da ƙafafun juyi a bakinsa biyu, ƙirar da Holless Wilbur Allen ya samu rajistarta a 1969, waɗanda suke sauke mafi yawan nauyin ja idan an kai ƙarshe, har mutum ya iya riƙewa yana saiti a natse, kan kibiyar kuma reza ce mai kisa ta hanyar zubar jini. Ana cewa baka ya fi bindiga adalci domin dole ne a matso kusa, wannan kuwa gaskiya ne a dutse, amma a gaban masara ragon ne yake matsowa.

Kada a ɗauka wannan ƙorafin baƙo ne da bai san al'adarsu ba. Ƙungiyar mafarauta ta Boone and Crockett, wadda Theodore Roosevelt, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, da abokansa suka kafa a 1887, da ƙungiyar Pope and Young ta masu harbi da baka, wadda aka kafa a 1961, duk sun ƙi shigar da dabbar da aka kashe a cikin shingen da ba ta iya tsallakewa cikin kundin bajintarsu, bisa sharaɗin cewa sai dabba tana da hanyar tsira kafin a kira abin farauta. Masu filayen suna amsawa da cewa wani filin ya kai dubban eka, kuma kuɗin baƙi ne yake hana a sare dajin a mayar da shi gidaje, hujjar da ba zan ce babu ƙamshin gaskiya a cikinta ba, sai dai tana bayanin ribar wurin ne, ba ta mayar da shi Yankari ba.

Ga masu fassara labarai, da za a ce gonar kiwon namun daji, ko filin harbi na kuɗi, da an huta da wannan ruɗani, a bar wa gandun daji ma'anar da jama'a suka riga suka sani. Shi kuma wanda ya zauna a bukka yana jiran ƙarar na'ura, maharbi ya ishe shi suna, tunda dai ya yi harbin.