Yadda igiyar rediyo ke tona asirin masu fitar da eksire a sararin samaniya

Eksire ɗin asibiti ne ake nufi?

Shi ne dai, amma wannan daga sama yake zuwa. Iskar da zafinta ya kai miliyoyin digiri ce ke fitar da shi. Iskar duniyarmu na tare shi, sai da roka ko tauraron ɗan'adam ake kama shi. A 1962 aka fara gano irinsa a wajen dangin rana, daga wani tushe da aka sa wa suna Scorpius X-1.

To mene ne wahalar gane mai fitar da shi?

Na'urorin farko unguwa kawai suke nunawa, ba sa nuna gida. A wannan ɗan fili akwai taurari rututu, ga ƙurar da ta cika tsakiyar gungun taurarinmu tana danne hasken da ido ke gani. Igiyar rediyo kuwa ratsa ƙurar take yi, kuma idan aka haɗa faya-fayan rediyo da dama sukan nuna wurin daidai wa daida.

An taɓa cin nasara ta wannan hanya?

Ƙwarai. An gano wani mai fitar da eksire, Cygnus X-1, a 1964, aka yi shekaru ba a san ko mene ne ba. A 1971 masana taurari Braes da Miley a Holan, da Hjellming da Wade a Amurka, suka ji igiyar rediyo daga wajen, ta kai su ga wani ƙaton shuɗin tauraro, HDE 226868. Da aka sa masa ido, aka ga yana kewaya wani abu da ba a gani duk kwana 5.6. Baƙin rami ne, wato abu mai ƙarfin jan da ko haske ba ya kuɓuce masa, yana zuƙe iskar tauraron. Rediyon ne kuma ya sake auna nisansa a 2021, aka gane nauyin ramin ya kai na rana sau 21 ko kusa da haka, fiye da yadda aka zata.

Bayan nuna wuri, rediyo na faɗin wani abu?

Yana nuna feshin da ramin ke harbawa gefe biyu, kamar wanda masana Mirabel da Rodríguez suka gani a wani baƙin ramin, GRS 1915+105, a 1994. Kuma idan ƙarfin eksire ɗaya ne, baƙin rami ya kan fi tauraron nutron, wato dunƙulallen ragowar tauraron da ya fashe, ƙara a rediyo.

Ba a kuskure?

Ana yi. Yawancin abubuwan da rediyo ke ji wasu gungun taurari ne can nesa da suka faɗo layi ɗaya kawai. Ni dai ban cika yarda da daidaiton wuri kaɗai ba, sai an ga eksire da rediyon suna sauyawa lokaci guda, kamar yadda Cygnus X-1 ya yi a 1971.