Tabarau da jinin AS ba sa hana ka neman gurbin koyon tuƙin jirgi

Duk lokacin da wani kamfanin jiragen sama ya buɗe ƙofar ɗaukar matasa domin ya horar da su tuƙi, sai maganganu biyu su cika WhatsApp: wai mai sa tabarau kada ya ɓata lokacinsa, wai mai jinin AS ma an rufe masa ƙofa. Ɗan yayata, yaron da tun yana firamare yake kwafar hoton jirgi a bayan littafinsa, ya ajiye takardar neman da ya fara cikawa saboda wannan magana. Da na tambaye shi inda ya gani a rubuce, sai ya ce, "Kawu, kowa haka yake faɗa." Abin da ya sa na zauna rubuta wannan ke nan.

Ƙa'idar lafiyar matuƙa ba kamfani ne ya ƙirƙire ta ba. Tushenta kundin farko na dokokin ICAO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da sufurin sama da ke Montreal, kuma a kansa hukumar NCAA ta Najeriya ta gina nata dokokin. Duk mai son lasisin tuƙin kasuwanci, a kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya ya koya ko a Habasha ko a Ingila, sai ya mallaki takardar lafiya mai daraja ta ɗaya daga likitan da hukuma ta amince da shi. Shekarunsa su kai 18, ana kuma sabunta takardar, yawanci duk wata 12.

Maganar ido a sarari take. Ana so kowane ido shi kaɗai ya kai 6/9 a allon haruffan nan na asibiti, idanu biyu tare su kai 6/6, da tabarau ko babu. Wannan "da tabarau ko babu" a cikin dokar yake. Sharaɗin kawai, mai tabarau ya sa shi yayin aiki, ya kuma riƙe na biyu kusa ko da na farko zai karye. Shi kuwa AS, kundin ya ce mai ɗauke da ƙwayar sikila ba tare da cutar ba yawanci ana ba shi takardar. Mai SS ne lamarinsa ya bambanta, saboda ƙarancin iska a sama na iya tayar masa da ciwo. Ina zaton mutane suna haɗa sharuɗɗan shiga soja da na jiragen fasinja ne, alhali kowanne da nasa.

Inda ake faɗuwa da gaske, kuma ba a cika maganarsa ba, shi ne bambance launi. Likita zai buɗe maka wani ɗan littafi mai suna Ishihara, kowane shafi da'ira ce cike da ɗigo-ɗigo masu launi, a tsakiyarsu an ɓoye lamba. Mai lafiyar ido zai ce 74 nan take, wanda ja da kore suke rikice masa zai ce 21, ko ya yi shiru yana kallo. A Turai da Ingila ana so ka karanta shafuka 15 na farko ba kuskure. Mutum yakan kai shekara ashirin bai san yana da wannan matsala ba, domin da ita aka haife shi, kuma tabarau ba ya gyara ta. Faɗuwa a littafin ba ita ce ƙarshe ba, akwai gwaji na biyu da fitilu ko na kwamfuta, wasu kuma suna tsallakewa a nan.

Wannan sharaɗi yana da ciwo, amma ban ga zalunci a cikinsa ba. Fitilar fiffiken hagu ja ce, ta dama kore, da su ake gane inda wani jirgi ya dosa cikin dare. Idan rediyo ya mutu, da hasken fitila hasumiyar filin jirgi take magana da matuƙi: kore ka sauka, ja ka ci gaba da zagaye. Abin da nake ganin bai dace ba shi ne makarantar da za ta karɓi miliyoyin uba kafin ta tura ɗansa wannan gwajin na minti biyar.

Sai babban haɗari, wato ɓoye ciwo. Kafin likita ya taɓa ka, za ka cika takarda da hannunka ka sa hannu: ka taɓa suma, ka taɓa farfaɗiya, wane magani kake sha. Masu ba da shawara a bakin titi sukan ce ka rubuta "a'a" a ko'ina. Doka ta wajabta wa likita ya kai rahoton bayanin ƙarya ga hukumar lasisi, ita kuma tana iya soke takardar da lasisin baki ɗaya, ko da bayan shekaru aka gano. Idan kamfani ne ya biya maka horo, yarjejeniyar da ka sa wa hannu tana iya dawo da bashin kanka. Tun bayan jirgin Germanwings da mataimakin matuƙi ya kifar a tsaunukan Faransa a 2015, mutum 150 suka mutu, aka gano ya ɓoye wa kamfani halin da yake ciki, ba a wasa da wannan shafin. Haka maganar tiramadol da kodin da wiwi, fitsari ba ya rufa asiri. Alhali ciwuka da yawa da ake jin tsoron faɗa, kamar hawan jinin da magani ya daidaita, ana iya ba da takarda a kansu.

Kamfani yana iya ƙara nasa sharaɗi a kan na doka. Shirin Speedbird da British Airways ya fara a 2023 yana biyan kuɗin horo, amma sai mai izinin zama da aiki a Birtaniya, saboda haka duk wanda ya ce ka turo kuɗin fom daga Kano ya saka sunanka, damfara ce. Shi ɗan yayata na kai shi wurin likitan ido aka buɗe masa littafin ɗigo-ɗigon, ya karanta lambobin duka da tabaraunsa a fuska, washegari ya koma kan takardarsa.